Rabin Fuska a Akwatin Abednego

Abednego mai hoto ɗan Kagoma ne, amma a Kafanchan ya yi furfura, a wani ɗan shago kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Mahaifinsa manomin citta ne da doya, ya so ɗansa ya gaji fartanya, Allah kuwa ya ƙaddara abincin yaron yana cikin fuskokin mutane. Babu ɗaurin aure, ko baftisma, ko godiyar kaka da za a yi daga nan har Zonkwa ba a ga babur ɗinsa a ƙofar coci ba. Musulmin gari ma shi suke kira ranar suna, domin mutum ne mai kunya, ba ya ɗaga kyamara sai an yi masa izini.

Shekarun tashin hankali sun koya wa mutanen yankin darasi mai ɗaci: mai gudun tsira da rai ba ya tsayawa cire hoto daga bango. Saboda haka Abednego ya sayi wani baƙin akwatin ajiya, bai fi bulo girma ba, mai faifan kwamfuta biyu a cikinsa. Nicholas, wani mai gyaran kwamfuta mazaunin Sabon Tasha a Kaduna, shi ya zo ya haɗa masa. Ya tsara shi yadda duk abin da aka zuba a faifai ɗaya zai kwafu a ɗayan, in wannan ya mutu wancan yana nan. Ya kuma jona shi da kwamfutar Rahmatu, maƙwabciyar shagon mai buga katin biki da littafin jana'iza, ta riƙa ɗauko hoto daga kan teburinta ba tare da ta taso ba.

Labari ya bazu. Mata suka riƙa zuwa da tsofaffin hotuna ƙulle a bakin zane, ya ɗauki kwafinsu ya zuba a akwati, ya mayar musu da abinsu. Malaman fiƙihu suna kiran irin wannan wadi'a, wato abin da aka danƙa wa mutum don amincinsa kawai. Abednego bai san kalmar ba, amma ya san nauyinta. Cikin masu kawowa har da Hulda, matar Levi kafinta, da hoton mijinta ɗaya tak, wanda Abednego ya ɗauka ranar aurensu. Daga baya aka ƙone layinsu, hoton takardar ya tafi tare da gidan. Levi ya tsira, amma tun da wuta ta ci gefen fuskarsa bai sake yarda an ɗauke shi hoto ba.

Sai akwati ya cika. Aka kira Nicholas.

"Baba, ko ka daina karɓa har ka samu halin sayen manyan faifai," in ji shi, "ko in haɗe biyun nan su zama rumbu ɗaya, wuri ya ninka. Amma fa in ɗaya ya mutu, duka sun tafi."

Abednego ya dubi bencin ƙofar shago, inda tsofaffi suke jira da ƙullinsu a cinya.

"Wa zan kora a cikin waɗannan? Haɗe su, ɗana. In an sayar da citta sai mu gyara."

A shekarar cuta ta faɗa wa citta, gonaki suka ruɓe, bukukuwa suka ragu. Akwati kuwa yana ta aiki lafiya, kuma lafiyar abu ita ce ƙofar gafala. Damina ta bi damina ba a gyara ba.

Ranar wata Litinin tsawa ta faɗi kusa da kasuwa. Akwatin ya soma wani ƙas-ƙas, fitilarsa ta koma ja. A makon nan ajalin Levi ya cika.

Hulda ta zo da baƙin ɗankwali, ta zauna a kan bencin.

"Baban Joanna, na zo karɓan mijina. Fasto ya ce littafi ya fito kafin Asabar. Ka ba Rahmatu wancan na aure, lokacin da yana da kyau, kafin ya zama tsoho mai rigima."

"Ki ba ni zuwa gobe, Maman Jason."

Ya rungumi akwatin ya shiga motar Kaduna. Nicholas ya buɗe, ya gwada, ya sake gwadawa, sannan ya ajiye sukudireba.

"Baba, ɗayan ya mutu murus. Kowane hoto a yanke yake, gutsure a nan, gutsure a can. Wannan mai ran, rabin kowa ne a cikinsa, kuma rabi ba ya buɗuwa."

Da ya dawo bai aika kowa ba, da ƙafarsa ya je gidan makoki, ya durƙusa a gaban Hulda ya faɗa mata yadda aka yi, har da zaɓin da ya yi da bakinsa.

"To ka ba ni rabin mana," ta ce. "Dama rabin fuska ya rage masa."

"Ba ya buɗuwa, Maman Jason."

Aka buga littafin jana'izar da sunan Levi, da shekarunsa, da zanen furanni a gurbin hoto.

Tun daga nan Abednego ya rataye kyamara. Yana hawa babur unguwa-unguwa, ƙauye-ƙauye, yana sallama a gidajen da suka ba shi ajiya. Wasu sun yafe, wasu sun zage shi, wasu sun juya masa baya. Faifan mai rai kuwa ya naɗe shi a farin ƙyalle ya sa a gwangwani, ya kasa jefar da shi.

Hulda takan biyo ta shagon ranar Lahadi bayan sujada. Ba ta taɓa yi masa gori ba. Zama kawai take yi, ta ce, "Kai ka ɗauka, faɗa mini yadda ya tsaya." Sai ya faɗa mata: kwat ɗin aro mai dogon hannu, da tsagar da ya yi a gashinsa, da murmushin mai wushirya.

Lahadin da ta wuce ta tambaye shi, wushiryar nan a sama take ko a ƙasa. Abednego ya buɗe baki zai amsa, sai ya tarar shi ma ba shi da tabbas.