Kogon da Aka Toshe

Tun da hukuma ta kafa allo a gindin tsohuwar bishiyar nan ta dajin Mecklenburg, ta kewaye ta da shingen ƙarfe, baƙin Jochim mai gadi ba sa wuce malaman birni masu igiyar awo. Yau kuwa wata tsohuwa ce tsaye, takalmanta na katako duk taɓo, tana rungume da jariri cikin mayafin ulu. Numfashin yaron da ƙyar yake fita.

Ko kallon allon ba ta yi. Kogon bishiyar take nema, wanda tun kaka da kakanni ake zura yaro mara lafiya ta cikinsa, ya fito ta baya, ya bar ciwon a itace. Bara magina suka cike shi da bulo da siminti, wai kada bishiyar ta ruɓe.

"Ɗan nan, wa ya toshe ta?"

"Hukuma ce, Iya. Kare ta ake yi."

"Daga wa? Daga mu?"

Jochim yana kallon kaushin hannunta, yana ayyana tun asuba ta taso a ƙafa, wataƙila uban yaron ma ita ta zura shi nan. Shi kansa ta nan aka zura shi.

Ya waiga, ba kowa, ya buɗe mata shingen. Tana shafa simintin kamar mai laluben ƙofa, ta jingina bayan jaririn a jikin simintin, sai ta yi maza ta janye shi.

"Da can ɗumi gare ta," in ji ta, tana gyara masa mayafi.