Ranar da Na Tsare Ƙofar Yaya da Muciya

Ni mutum ce mai mantuwa. Inna ta sha aike na sayen gishiri in dawo mata da labarin faɗan da aka yi a bakin rijiya, babu gishirin. Amma akwai abu ɗaya da ko buɗe kaina aka yi aka wanke da sabulu ba zai fita ba, shi ne abin da garinmu ya yi wa Yayata a daminar da man fetur ya yi tashin da har yau bai sauko ba.

Lokacin ina ƙaramar sakandare, kuma duk gidanmu an sallama ba ni da sana'a sai kwaikwayon mutane. Yaya kuwa ita ce malamar asibitin garinmu. In na ce asibiti kada ku hango wani gini mai bene. Ɗaki biyu ne da baranda a bakin gonakin gero, da benci guda wanda in mai ƙiba ya zauna a gefe ɗaya sai na ɗaya gefen ya yi sama. Da su biyu ne, ita da wani abokin aikinta mai zuwa a babur daga Bacirawa. Da mai ya yi tsada sai zuwansa ya koma kamar ganin watan salla, daga baya ya nemi canjin wuri ya tafi. Ban ga laifinsa ba, babur ba ya shan ruwan rijiya.

A daidai lokacin kuma mutane suka daina iya hawa mota zuwa babban asibiti. Mai zazzaɓi, mai naƙuda, wanda fartanya ta sara, wanda kunama ta harba, duk suka dawo kan Yaya. Har wani tsoho ya taɓa jawo akuyarsa wai tana tari. Wannan ban ƙara gishiri ba. Akuyar tana nan har yanzu, ta ma fi Yaya lafiya.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne Yaya 'yar gari ce. Da baƙuwa ce, in ta kulle asibiti ta hau mota shi ke nan sai gobe. Amma wannan kowa ya ci tuwon sunanta. Waccan ta goya ta, wancan tare suka yi makarantar allo da Baba, ɗayar kuma ƙanwar kakar wani ce da ya auri wata a danginmu. Saboda haka in ta kulle asibiti, sai asibitin ya biyo ta gida. Soronmu ya koma wurin jira. Tana kai lomar tuwo baki za a yi sallama. Ta tayar da salla, kafin ta sallame an shimfiɗa mata yaro a gefen darduma. Da Inna ta ɗan yi ƙorafi, sai Baba ya ce, "Ba a mayar da mutum daga ƙofar gidana. Allah ne ya ba ta ilimin nan, ba don ta shige ɗaki da shi ba."

Kuma duk wanda ya zo da gaisuwa yake farawa. "Malama, ina gajiya?" Ita kuma ta ce, "Ba gajiya." Haka aka koya mana tun muna goye. Ko mutum yana rarrafe da ciki, amsar ke nan. Yaya takan faɗe ta idonta a rufe, kuma ban taɓa ganin wanda ya ɗaga kai ya dubi fuskar da maganar ta fito daga ciki ba.

Ni ce na fara gane akwai matsala, ba don na fi kowa hankali ba, sai don an taɓa mini kasuwa. Yaya ce babbar mai sayen shirmena. In na kwaikwayi yadda Mai unguwa ke murtuke fuska yana karanto duk addu'ar da ya sani in ya ga allura, takan yi dariya har ta riƙe ciki tana cewa, "Auta, Allah ya shirye ki, za ki kashe ni." A daminar nan na yi mata Mai unguwa, na ƙara da gurguwar tafiyarsa bayan allurar, na faɗi ƙasa ina shure-shure. Ta dube ni kamar tana kallon bango. Ta ce, "Kin gama? Miƙo mini ruwa." Na san ko ɓarawo aka kama a gidanmu bai kai wannan girma ba.

Ta daina cin abinci sai tsakura. In an yi sallama a soro sai ta zabura kamar an ɗana mata wuta. Ta fara yi wa marasa lafiya tsawa, ita da ko kaza ba ta iya kora da ƙarfi, in sun tafi kuma ta zauna tana cizon yatsa. Ta je wajen shugabanta ta roƙi hutu ko a turo mata mataimaki. Ya ce ta ƙara haƙuri, ana kan dubawa, kuma in ta tafi hutu wa zai riƙe asibitin? Ta dawo ta rataye jakarta ba ta ce wa kowa komai ba. Ni ma sai daga baya na ji.

Ranar da abin ya faru da safe ne. An kwana ana ruwa, tsakar gida duk caɓi. Yaya ta sa farar rigarta da hijabi, ta zauna a bakin ɗaki ta sa takalmi ɗaya. Ɗayan yana hannunta. Na share tsakar gida, na wanke kwanuka, na dawo, tana nan da takalmin a hannu. Hawaye na zuba amma ba sautin kuka, kamar randa mai tsaga.

Sai ga Gwaggo, yayar Baba, ta shigo da jikanta a kafaɗa. "Malama, an tashi lafiya? Ina gajiya?"

Yaya ta ɗago kai ta ce, "Akwai gajiya, Gwaggo. Na gaji. Wallahi na gaji."

Gwaggo ta ja da baya har ta taka kwanon kaji. "A'uzubillahi! Wannan ba muryarta ba ce. Ku kira ubanta, an shige ta!"

Kafin hantsi labari ya zaga gari cewa aljanin tsamiyar bayan asibiti ya kama Malama. Aka turnuƙe ɗakinmu da hayaƙi har sauro suka yi ƙaura zuwa Rimin Gado. Baba ya ɗauko Liman. Shi kam, Allah ya saka masa, ya yi addu'arsa, ya daɗe yana duban ta, sannan ya ce wa Baba, "Alhaji, yarinyar nan barci take nema. Ku bar ta ta huta." Kowa ya ce amin ga addu'ar. Maganar barcin kuwa a soro aka bar ta, ko tsakar gida ba ta shigo ba.

Daga nan aka fara zuwa dubiya. Kun san mu da dubiya, wanda bai zo ba sai a shekara ana yi masa gori. Mata suka yi ta shigowa da kwanon kunu, da fura, da 'yar gyaɗa a leda. Kowacce ta durƙusa ta ce, "Sannu Malama, Allah ya sauwaƙe, Allah ya sa kaffara ne." Sai ta gyara zama. Sai ta kwance goyo. "Af, tunda na zo, ɗan taɓa mini jikin wannan, tun jiya yake zafi." Wata ta zaro kwalbar allura daga bakin zaninta, wai saura ɗaya ba a ƙarasa mata ba. Wata ta buɗe baki tana nuna haƙori. Yaya tana kwance, idonta ya faɗa, tana miƙa hannu tana taɓa goshin 'ya'yan mutane. Layin dubiya ya kai har bakin turken awaki, ya fi na ranar rigakafi tsawo. Na rantse har benci aka ɗauko.

Na yi ta haɗiye abin har bayan azahar, lokacin da Gwaggo ta dawo. Ta zauna a bakin katifa ta naɗe hannun riga. "Tunda ga abin awon jinin nan a rataye, ɗan gwada ni. Tashin hankalin da kika sa ni da safe ya hau mini kai."

Yaya ta tashi zaune. Ta naɗa mata abin a dantse, ta kama 'yar robar da ake matsawa. Ta gwada matsawa, ta kasa. Ta sake gwadawa, robar ta suɓuce ta faɗi. Ta dubi hannun nata kamar na wani ne aka ara mata. Sai ta ce, a hankali, "Yi haƙuri, Gwaggo." Ita ce ma mai ba da haƙuri.

Ban san lokacin da na isa madafa ba. Na ɗauko muciyar Inna, babbar, ta tuwon suna. Na jira Gwaggo ta fito, na ja ƙofar ɗakin, na zauna a dokin ƙofa na gicciye muciyar a cinya.

Na ce, "Jama'a, an canja tsari. Dubiya daga nan take. A ce sannu, a ajiye kunu, a juya."

Wata ta ce, "Ke 'yar nan, ba ki da kunya? Ni na yi wa uwarki wankan jego."

Na ce, "Allah ya ba da lada. Ajiye kunun a nan."

Gwaggo ta riƙe haɓa. "Aljanin ba ɗaya ba ne, har da ƙaramarsa! Ke, ni za ki tare wa ƙofa a gidan ƙanena?"

Na ce, "Gwaggo, jininki lafiya lau yake. Mai hawan jini ba ya iya wannan ihun."

Wasu suka fashe da dariya, wasu suka yi salati. Hayaniyar ta shigo da Baba daga soro. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, "Tashi daga nan." Ban tashi ba. Na ce, "Baba, Liman cewa ya yi ta yi barci." Ya ce, "Ni nake magana ko Liman? Mutanen nan a gidana suke. So kike a ce na kori jama'a?"

Sai na ji motsi a gefena. Inna ce. Inna da tun da na yi wayo ban taɓa jin ta mayar wa Baba magana ba. Ta zo da farantin waken da take tsincewa, ta zauna kusa da ni a dokin ƙofar, ta ci gaba da tsintar wakenta. Ba ta dubi kowa ba. Ta ce, "Alhaji, jama'a suna da yawa. Ita kuwa guda ɗaya na haifa irinta."

Ta ci gaba da zuba wakenta a faranti. Baba ya daɗe a tsaye. Sannan ya juya ya ce wa matan, "Ku yi haƙuri, ku je gida." Suka fita suna ƙunƙuni. Biyu daga cikinsu har da komawa da kununsu.

Yaya ta yi barcin da na ɗauka sai an busa ƙaho za ta tashi. Da ta ɗan samu ƙarfi, kawunmu ya kai ta Kano wajen likitan ƙwaƙwalwa. Ya ce ba aljani ba ne, ba hauka ba ne, aiki ne ya cinye ta ba hutu, kuma irin wannan ciwo ne kamar kowane ciwo, yana son magani da lokaci da mai saurare. A garinmu kuwa kalma ɗaya aka tsinta a duk bayanin, wato ƙwaƙwalwa. Aka ce Malama ta taɓu. Matan da ta karɓi haihuwarsu suka riƙa janye 'ya'yansu in ta wuce.

Duk da haka ta so komawa. Abu biyu kawai ta nema, a turo mata abokin aiki, a kuma ba ta rana ɗaya a mako da ba mai buga mata ƙofa. Aka ce ana kan dubawa. A gari aka ce ta yi girman kai, wai karatu ne ya yi mata yawa. Sai ta ajiye aikin. Yanzu tana wani ƙaramin asibiti a Bacirawa inda ake karɓa-karɓa, in lokacinta ya cika ta miƙa wa wata ta tafi gida. Namu kuwa yana nan a kulle, awaki ke fakewa a barandar in ana ruwa. Mai naƙuda sai an nemo mota. Kuma har yau in ana zancen, cewa ake yi Malama ta gudu ta bar mu. Ban taɓa jin wanda ya ce mu muka kore ta ba.

Dariyarta ta dawo, amma ba duka ba. In na yi mata Mai unguwa takan yi murmushi ta ce, "Auta, ba ki girma ba." Riƙe cikin nan dai ban sake gani ba, kuma har gobe in aka yi sallama da ƙarfi sai kafaɗarta ta motsa.

Abin da na koya shi ne, mai kula da kowa shi ma yana bukatar wanda zai tsare masa ƙofa, kuma tun kafin ya faɗi, ba bayan ya faɗi ba. Mutum ba rijiya ba ne da za a yi ta zura guga ana cewa Allah ya ƙara ruwa. Shi ya sa yanzu in na ce wa mutum ina gajiya, ya ce ba gajiya, ba na wucewa. Nakan tsaya in dubi fuskarsa da hannunsa, in sake tambaya. Muciyar kuwa tana nan a madafa, kuma Inna ta san ba tuwo kaɗai take tuƙawa ba.