Shekarar da Ba a Yi wa Baba Tsiya Ba

Asabar ɗin ƙarshe ta watan Nuwamba, shekarar da na cika goma sha ɗaya, na tashi na tarar da Baba a falo yana fama da kujera. Sai ya dafa gwiwa da hannun dama, ya yunƙura ya miƙe ba sanda, ya cire hula ya riƙe a ƙirji, ya daɗe a tsaye har ƙafarsa ta hagu ta fara rawa, sannan ya zauna ya sake. Ruwa yana ta tsiyaya a tagar gidanmu na unguwar Peckham a ƙasar Turawa, Mama tana kicin tana suyar waina, duk gidan ya ɗauki ƙaurin mai. Wata takwas ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta sauke shi daga tuƙin bas, don haka na ɗauka motsa jikin da aka koya masa a asibiti yake yi. Na wuce na kama yankan albasa.

Ranar ce ake Tsiyar Shekara. Baba ɗan wata ƙungiya ne da suke kira Zaure, maza wajen talatin, daga Kano da Zariya da Jos, da na zangon Kumasi. Akwai likita, akwai mai gadi, akwai ɗaliban da suka zo karatun shekara biyu har furfura ta riske su. Ba a shiga sai mutum biyu sun tsaya maka, kuma mata da yara ba ma leƙawa sai sau ɗaya a shekara. A ranar sukan kama wani ɗakin taro a bayan titin Rye Lane daga azahar zuwa ƙarfe shida, don masu coci ne suka kama ɗakin bayanmu. Mu yara muke jera kujerun ƙarfe, mu ɗora kulolin shinkafa da zoɓo a tebur, in an fara kuma mu shige ƙarƙashin teburin muna satar cincin muna gulmar manya da Turanci.

Wasan kansa waƙe-waƙe ne da kwaikwayo, da kalangu ɗaya da ya sha ɗinki, da piyanon lantarki na aro. Wanda ya sayi mota ya kasa fakin, wanda ya yi barci a tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, har ƙarshen layi, wanda ya dawo daga hutu da sarautar da ba wanda ya san ƙauyenta, kowa da baitinsa. Ba a taɓa iyaye, ba a taɓa matar mutum, ba a taɓa zancen takardun zama. In an ambaci sunanka sai ka miƙe, ka cire hula ka riƙe a ƙirji har a gama, ka ce "Na karɓa," sannan ka zauna. Mai shirya waƙoƙin shi ne Kawu Isiyaku, tela ɗan Kumasi, aminin Baba, wanda kowa "kai" ne a bakinsa, mace ko namiji.

Baitin Baba ba ya sauyawa sai dai a ƙara masa gishiri. Kullum cewa yake baɗi zai koma gida, kuma akwai wani akwati a kan kabad ɗinmu da ya girme ni. Da kalangu ya juya sai ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya: "Habu na baɗi, akwati ya yi furfura, mai shi bai tafi ba." Baba zai miƙe yana dariya har da hawaye. Ni kuwa kunya ce take kama ni, in ƙara shigewa ƙarƙashin tebur, ina mamakin yadda babban mutum zai tsaya ana yi masa dariya.

Mako uku kafin wannan Asabar, Baba ya lallaɓa ya zo ɗaukata a makaranta. Washegari a filin wasa wani yaro ɗan ajinmu ya riƙa kwaikwayon Baba, yana jan ƙafa yana karkace baki, sauran suna ƙyalƙyala dariya. Na mare shi, aka kai mu ofis, malamarmu ta yi dogon bayani a kan cewa yi wa marar lafiya dariya zalunci ne. Maganar ta zauna mini daram. Da aka tashi ban nufi gida ba, na shiga shagon Kawu Isiyaku na tsaya a gaban kekensa da jakata a baya. Na ce masa, rabi Hausa rabi Turanci, kada a saka Baba bana, please, ba shi da lafiya. Ya dakatar da keken ya daɗe yana kallona ta saman tabarau. Ya ce, "Kai yarinya, babanka ne ya aiko ka?" Na ce e. Ƙarya na yi, kuma a lokacin ina jin na yi abin kirki. Ya jawo wani littafi daga ƙarƙashin yadi, ya ja layi a kan shafi guda, ya koma kan ɗinkinsa.

Ranar wasan Baba ya sa babbar riga ya ɗora kwat a kai, ya ƙi zama a gefe inda aka tanadar masa wuri kusa da hita, ya zauna a layi na biyu, ya tura sandar ƙarƙashin kujera. Ban shiga ƙarƙashin tebur ba a shekarar, ina tsaye ina gadinsa da ido. Aka yi likita, aka yi mai sarauta, aka yi wani sabon shiga da bai fi wata shida ba. Duk sanda kalangu ya juya sai in ga Baba ya matso bakin kujera ya dafa gwiwa, in aka kira wani sai ya koma ya jingina. Sai a nan na gane abin da na gani a falo da safe. Ban yi komai ba. Aka yi waƙar rufewa, shugaba ya roƙi a yi wa Malam Habu addu'ar samun sauƙi, kowa ya shafa. Masu coci har sun fara shigo da lasifikarsu, muka hau naɗe kujeru.

A bas ɗin komawa gida ya zauna a kujerar da aka ware wa tsofaffi, yana kallon titi. Mama ta ce ai sun kyauta da addu'ar. Ya ce, "Sun binne ni da raina, Hajara. Wanda ba a tsokana ai ya riga ya tafi." Ina zaune a bayansu da kular da ba komai ciki a cinyata.

Bai sake zuwa Zaure ba. Kawu Isiyaku ya yi ta sintiri gidanmu, amma kowannensu yana ganin ɗayan ne ya fara janyewa, kuma irin tarbiyyarsu ba ta bari a tambayi abu kai tsaye. Gaisuwa ta gajarce, shayi yana hucewa a tsakaninsu. Na sha cewa gobe zan faɗa, na gama sakandare ina cewa gobe, har Baba ya rasu bayan shekara tara ban faɗa ba.

Yanzu ina zaune a unguwar Abbey Wood, ina fita aiki da duhu in dawo da duhu. Zaure ya koma rukuni a waya, ba abin da ake turawa sai sanarwar rasuwa da hannayen addu'a. 'Ya'yana suna da ladabi, sun san duk kalmomin da ba a faɗa wa mutum, kuma ban taɓa ganin wani babba ya tsokane su don yana ƙaunarsu ba. Ni ma a wurin aiki kowa lallaɓa ni yake yi, ina murmushi ina gajiya. Ciwo bai hana Baba miƙewa ba a ranar nan. Ni ce na hana shi.