Minti Ashirin da Na Koyo a Nguru

A shekarun da na yi ina wankin mota a Gashua, sau ɗaya tak na taɓa zuwa taron bita. Wurin aikina yana kan hanyar tasha, ƙarƙashin wata bishiyar maina, wato darbejiya. Kayan aikin ba su da yawa: injin jan ruwa mai tari kamar tsohon mashayin taba, bokitai, soso, sai wani dogon benci da ƙafarsa ɗaya ta gajarta, muna tallafa mata da dutse.

Wata rana aka ce masu sayar da injuna sun zo baje koli a Nguru, har da bita kyauta ga masu wankin mota. Na zumbula rigata ta Juma'a na hau mota. Ni fa haka Allah Ya yi ni, in dai an ce za a raba takardar shaida, ko ta mece ce, da ni za a yi.

Mai koyarwar wani siririn mutum ne cikin kwat, a wannan zafi na Nguru, gumi na bin wuyansa. Gaskiya ya san aiki. Shi ya koya mana raba bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye soso, don kada yashi ya karce fenti, kuma wannan kam ya amfane ni. Daga nan ya ɗaga agogo ya ce, "Mota ɗaya, minti ashirin. Duk mai benci a wurinsa ya ɗauke. Benci 'yan zaman banza yake tarawa." Aka yi tafi. Na fi kowa tafawa, don a layin gaba na zauna.

Washegari da sassafe na ciccibi bencin na kai zauren gidanmu.

Cikin masu kawo mini mota akwai wani dattijo, direban a-kori-kura mai jigilar Jakusko. Can iyalinsa suke. Motarsa ta tsufa har wanki ba ya ƙara mata komai, tana zuwa da laka da kashin awaki tana komawa da tsatsarta. Shekara huɗu ba ya kai ta ko'ina sai wurina. Yakan baje a kan benci, ya aika a karɓo shayi, ya yi ta ba ni umarni. "Ɗana, tayar baya fa?" Alhali na wanke ta sau biyu. Wankin motarsa awa biyu yake ci, rabi hira ce. Ina ji da shi ƙwarai, duk da ciwon kan da yake sa mini.

Bayan kwana uku da dawowata sai ga shi. Ya sauko, ya dubi inda benci yake, ya ga dutsen kawai. Ni kuwa zumuɗi bai bar ni na yi doguwar gaisuwa ba. Na ja injin, na duba agogo, na far wa motar. Minti goma sha takwas na miƙa masa makulli ina huci.

Ya zagaye motar yana neman inda na bari. Babu.

"Har ka gama?"

"Sabon tsari ne, Baba. Daga Nguru muka koyo."

Ya ce, "To, madalla." Ya ɗan tsaya kamar zai ƙara wani abu, sannan ya shiga ya ja.

Sati ɗaya, biyu, uku, shiru. Ran nan na hango motar a bakin kogi, wurin wani mai wanki da ko inji ba shi da shi, da gwangwani yake watsa ruwa. Raina ya ɓaci sosai. Ni mai takardar shaida a bar ni a koma wurin mai gwangwani! Na gangara da niyyar ƙorafi. Na tarar da Baba zaune a tabarma, ya rame.

Na ce, "Baba, wankina ne bai fita ba?"

Ya ce, "Ya fita. Bai taɓa fita kamar ranar ba." Ya matsa ya ba ni wuri. "Zauna tukuna."

Na zauna.

"Ranar da na zo maka, kwana takwas ke nan da rasuwar uwar yarana. Gidan ya yi mini faɗi, na ce bari in je wurin ɗana in zauna, in faɗa masa. To, irin wannan magana ba a faɗinta a tsaye."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Na zame daga tabarmar na durƙusa a kan yashi, na ɗaga hannu. Na ce, "Baba, ya haƙuri?" Sati uku a makare.