Buhun da Baba ya daina jiƙawa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina. Ba zan ɓoye muku ba, tsoro ne ya sa na ɗauki alƙalami, ba kewa kaɗai ba.

Baba allura yake yi wa shanu a sarwis ɗin dabbobi na Magaria. Maganin ba ya son zafi, shi ya sa a cikin jiƙaƙƙen buhu yake ɗaura shi bisa doki. Daga nan har Guci, duk rijiyar da ya tarar sai ya sauka ya sake jiƙa shi. Makiyaya na tsokanarsa: "Malam Isufu, doki na jin ƙishi, kai buhu kake shayarwa?"

Burinsa ɗaya ne, ya ci konkur, wato jarrabawar gasa, ya zama anfirmiye, ma'aikacin jinya. Shekara uku yana bita da littattafan aro. Ranar da ya kai dosiye, wato takardunsa na neman shiga, Nasaran biro ya duba takardar haihuwarsa, wadda wani komi, akawun biro, ya cika bayan ya kalli gemunsa ya kintaci shekaru. Wai ya haura shekarun konkur da biyu. Kakata ta je har biro ta rantse shekarunsa ba su kai haka ba. Ba wanda ya saurare ta.

Bai bar aiki ba. Sauka a rijiya kawai ya daina. A ranin nan garken wani makiyayi na Guci, wanda Baba ya yi wa allura da hannunsa, ya ƙare ƙaf. Aka ce ƙaddara. Amma daga nan, da ya ji ƙugin motar kumandan, Nasaran da ke mulkin yankin, sai ya ajiye loma. A ciwon ajalinsa ya ce mini, "Hadiza, a bushe buhun yake. Tun a hanya na sani."

Yau ina aiki a dispansar, ƙaramin asibiti. Dosiyena na konkur ɗin ungozoma shekara biyu yana Damagaram, kullum a jira. Makon jiya na tsamo allura daga tukunyar da muke dafa ta, ruwa bai tafasa ba, wata mata na zaune da jariri a cinya. Na ce a raina, wa zai sani?

Da Baba yana nan, ba na jin haƙuri zai ba ni. Cewa zai yi in duba tukunya. Gadon da ya bar mini biyu ne, jiƙaƙƙen buhu da busasshe, kuma ban san wanda zai rinjaya ba.

Na mayar da allurar, na ƙara itace. Ku masu riƙe da dosiyenmu, ranar nan dai na mayar. Ban yi muku alkawarin gobe ba.