Tushen Gamba a Gonar Dakko

Jiya yayyena suka dawo daga Dakko suna gardamar iyakar gona, sai kakata ta faɗo mini a rai. Shekara shida ke nan da rasuwarta.

Duk garin babu wanda ya kai ta sanin iyakoki. Amma idan rigima ta tashi, maza kan tsaya a zaure su tambaye ta daga bayan katanga, sannan su je gaban mai gari su faɗa kamar su suka sani.

Wata safiya bayan ruwan fari ta ja ni gona, ƙasa na ƙamshi, zanenta na warin daddawa. Ta ɗora hannuna kan tushen gamba.

"Nan tamu ta tsaya, jikata. Riƙe."

Na ce, "Kaka, wa zai tambaye ni?"

Ta yi dariya. "Ƙasa ba ta san namiji ba. Wanda ya duƙa mata ta sani."

Jiya na buɗe baki, babban yayana ya ce maganar maza ce. Na koma ɗaki ni kaɗai.

Allah ya jiƙanki, Kaka. Allah ya sa can ba ta bayan katanga ake jin muryarki ba.