Yadda Na Kai Ƙuduji Gonar Bayan Gida

Gona ɗaya muke taƙama da ita a gidanmu, ta bayan gida. Ta daji kuwa ƙuduji, ciyawar nan mai kashe dawa, ya cinye ta tun kafin a haife ni. Da kaka sai ka ga ta yi jawur da fure kamar an shanya atamfa, dawa kuwa ko kan kirki babu.

Da aka yi fari shekara biyu a jere, harawa ta gagara, ko kara sai mai rabo. Awakinmu biyar suka koma ƙashi da fata. Ni kuma lokacin ban daɗe da baro makaranta daga aji huɗu ba, gani nake duk gidan na fi kowa kai. Baba ya aike ni gonar daji in tuge ƙudujin in ƙone. Na tuge, na ɗaure dami uku, na kawo gida.

"Cewa na yi ka ƙone," in ji Baba.

"Baba, dabba na mutuwa, a ƙone ganye?"

"Ya riga ya yi 'ya'ya."

"Ai ciki zai narkar da su."

Ya dube ni, ya dubi awakin, ya ce, "To, malamin makaranta."

Awaki suka ci, suka kai ga damina. Da bazara ta zagayo na kwashe takin turkensu a mangala, na zuba a gonar bayan gida, don ita ake fara ba taki mai kyau.

Irin ƙuduji ya fi garin tuwo laushi, ido ba ya kama shi. Yana iya kwanciya a ƙasa shekara da shekaru, ruwan sama kaɗai ba ya tashinsa. Sai ya ji saiwar dawa ta matso kusa, sannan ya farka ya kama ta. Kafin ya leƙo waje ya riga ya sha rabonsa.

Daminar farko tsiro ɗai-ɗai na gani, na tuge a ɓoye, waɗansu suka kuɓuce mini. A ta uku ruwa ya wadata, amma dawa ta tsaya iya gwiwa, ganye ya yi kamar wuta ta lashe shi. Baba ya tsuguna, ya tona da yatsa, ya ɗago saiwa. Ga fararen tsiro nan manne da ita kamar kaska. Ya miƙo mini.

"Awakin dai sun rayu," ya ce.

Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Da aka zo rabon gado gonar bayan gida ta faɗo mini, ba wanda ya ja da ni. Gyaɗa nake sa mata yanzu. Bara na gwada kunya biyu ta dawa a jikin darni, in ga ko ƙudujin ya gaji da jira. Bai gaji ba. Na tuge shi tun bai yi fure ba, na tara a bakin hanya, na cinna masa wuta.